Issifou Mai Pon da Kiran da Na Yi Masa Daga Adjengré

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta 2025, cikin watan Safar, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Issifou Salifu, bakaniken manyan motoci na Zongon Sokodé, wanda direbobin hanyar Lomé zuwa Dapaong suka fi sani da Issifou Mai Pon. Ya rasu yana da shekara hamsin da takwas, a gefen titi kusa da Adjengré, a ƙarƙashin motata. Ni ne Djibril, direba daga Dapaong, kuma ni na kira shi wurin. Yau kwana tara ke nan, ban iya cewa komai a gaban mutane ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaya Issifou, shekara goma sha shida da suka wuce na fara shiga garejinka. Lokacin sabon hannu ne ni a babbar mota, na zo da wani kuka da take yi daga baya duk sa'ad da na sha kwana. Ba ka tambaye ni komai ba. Ka sa aka ɗaga ƙafar baya, ka kafa dogon ƙarfe a jikin motar, ka ɗora kunnenka a ɗaya bakin, ka rufe ido. Da ka ɗago sai ka ce, "Direba, ka san abin da ke ɗauke da kai kuwa?" Na ce taya. Ka yi dariya har sai da na ji kunya.

Ranar ka zaunar da ni a gindin mangwaron nan na bakin gareji, ka zana mini a ƙasa da tsinke. Ka ce taya takalmi ce kawai, abin da ke ɗauke da mota shi ne ƙarfen da ya ratsa ƙarƙashinta ya haɗa ƙafar dama da ta hagu, wanda mu a nan muke kira esiyo. Na gaba, ka ce, shi ke bin umarnin sitiyari, in ya karye babu sauran shawara tsakanin direba da motarsa. Na baya mai tulu a tsakiya shi ne pon, shi ke karɓar ƙarfin inji ya tura motar, kuma a cikin tulun nan ne ake raba juyi, don ƙafar waje ta fi ta ciki sauri a kan kwana. Can ne kukan motata yake. Sai ka nuna wata tirela da ke fake, ka ce waɗancan na ƙarƙashinta ba sa turi, ba sa juya kai, kaya kawai suke ɗauka, har akwai wanda ake ɗagewa sama in mota ba kaya don kada taya ta ci banza. Shekara huɗu ina tuƙi kafin ranar, ba wanda ya taɓa ganin na cancanci wannan bayani.

Mutane sun ce kana da taurin kai, kuma ba su yi ƙarya ba. Ina wurin ranar da wata bas cike da mata 'yan kasuwar Pagala ta tsaya a ƙara mata iska. Ka leƙa ƙarƙashi, ka ga esiyon gaba ya taɓa karyewa an yi masa walda an shafe da baƙin mai. Ba ka yi gardama da direban ba, sai ka kwance ƙafa ɗaya ka mirgina ta cikin shago ka kulle. Ya zage ka, matan ma suka taya shi, suna cewa kasuwa za ta watse. Ka ce, "Ku zage ni da bakinku, ya fi a zo a ba ni labarinku." Ka tsayar musu da wata mota, ka juye su, kai kuma ka wuni kana sauya ƙarfen.

Akwai kuma abin da mutanen Sokodé da yawa ba su sani ba. Duk ƙaramar motar da ta mutu a garejinka, kakan cire esiyon bayanta ka gyara, ka ajiye. In sun taru uku ko huɗu, ka ɗora mini su in kai Korbongou, wurin wani maƙeri da ke haɗa su amalanken jaki. Matan da a da suke ɗaukar ruwa da itace a ka, yau da yawansu da ƙarfenka suke jan kaya. Wata tsohuwa a can ta taɓa ba ni zabi biyu in kawo maka. Ka karɓa, ka ce in gaya mata ta riƙa sa wa ƙafafun giris kafin damina.

To, ga abin da ya faru, zan faɗe shi yadda yake, don na gaji da jin ana sassauta mini.

Da safiyar Talatar na iso Sokodé da lodin albasa zan kai Lomé, kuma na san lodin ya zarce kima. Ka zagaya motar kamar yadda ka saba, ka durƙusa, ka shafo mai a jikin pon, ka nuna mini wata tsaga siririya kamar gashi. Ka ce, "Djibril, wannan ba zai kai ka Sotouboua ba. Kwana ɗaya nake nema." Na ce hadari na haɗowa, albasa ba ta jira, in na dawo sai a gyara. Ka tafi ɗauko abin kwance taya, na gane nufinka, na tayar da mota kafin ka fito. Na hango ka ta madubi kana ɗaga mini hannu.

Ban kai Sotouboua ba. Daf da Adjengré na ji ƙara kamar an harba bindiga, bayan motar ya zauna gefe ɗaya, Allah ya sa na samu na gangara bakin titi. Na daɗe riƙe da waya kafin in kira ka. Da ka ɗauka ba ka ce ai na gaya maka ba. Cewa ka yi, "Ba wanda ya ji ciwo? Alhamdu lillahi. Ga ni nan."

Ka iso da ƙanenka Huseini da wani pon a bayan a-kori-kura. Ka ce a sauke kayan duka kafin a ɗaga mota, ƙasar ta sha ruwa. Muka sauke rabi, sai yayyafi ya fara. Na roƙe ka, na ce sauran in ya jiƙe na rasa aikina. Ka dube ni, ka dubi sama, ka ce to. A iya sanina da kai, ranar ce kaɗai ka taɓa barin magiyar direba ta rinjaye ka. Muka kafa kirik, abin ɗaga motar, a kan katako, ta tashi. Ka shiga don ka jera gumaguman da za su tokare ta. Gungume na biyu yana hannunka ƙasa ta zame.

Mutanen Adjengré sun fito da gudu, maza da mata, suna watsar da buhuna, suna haƙa da hannu. Kafin mu ciro ka, rai ya yi halinsa. Huseini ya cire rigarsa ya rufe maka fuska. Albasar da na hana a sauke, ga ta nan warwatse cikin taɓo, ba wanda ya ko dube ta.

An yi maka sutura washegari a Sokodé. Motoci sun yi layi tun daga tasha har bakin Zongo, ba ƙaho, ba hayaniya. Liman ya riƙe hannuna ya ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Na yarda, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma hannun da ya murɗa makulli da safen nan nawa ne, bakin da ya yi magiyar nan ma nawa ne, kuma ban san inda zan ajiye wannan ba.

Rana ta uku na shiga gaida matarka, Yaya Rachida. Na durƙusa, na fara gaya mata gaskiya, ta tsayar da ni. Ta ce, "Huseini ya faɗa mini. Ko wa ya kira shi zai je, Djibril. Tashi ka ci abinci." Da ta zage ni, da wataƙila na samu sauƙi. 'Yarka Jamila ce ta kawo tuwon, ta ajiye a gabana ba ta ɗaga ido ba. Ban iya kai loma ba.

Motar tana can inda ta zauna, na kasa komawa. Ban sani ba ko zan sake tuƙi. Jiya wani direba ya tsaya a bakin garejinka yana tambayar mai pon, aka gaya masa, ya zauna a kan dutse ya rufe fuska da hula.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Rachida, da Jamila da 'yan'uwanta, da Huseini, da jama'ar Zongon Sokodé, da duk direban da ya taɓa isa gida lafiya albarkacin hannun wannan bawan Allah. Allah ya ba ku haƙurin da ni na rasa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Issifou ɗan Salifu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ɗauke masa nauyin ƙasa, ka karɓe shi cikin shahidai, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka tsare bayansa, ka rufa wa iyalinsa asiri. Ni kuma, ya Ubangiji, in ka tara mu ranar tsayuwa, ka sa ya yarda ya dube ni. Amin.