Tulu Uku Na Ruwan Ɗinya

Shekarun baya, tun ana kashe sule da sisi, ina budurwa a ƙauyenmu da ke gefen daji wajen Kakangi, na yi wani aikin da har yau in na tuna sai na yi wa kaina dariya. A lokacin, in ana zancen haɗa abin sha a unguwarmu, to ni ce. Ba yabon kai ba ne, haka abin yake. Matsalar kawai ita ce ni ma na san haka, kuma kaina ya ɗauka.

Matar yayana ce ta haihu, namiji, bayan shekara tara ba ko ɓatan wata. Mahaifina ya ce wannan suna ba na cikin gida ba ne, liman zai zo da dattawan ƙauyukan da ke kewaye da mu. Ƙarshen damina ne, ɗinya ta nuna baƙi ƙirin a bakin daji. Nan take na buga ƙirji na ce a bar mini abin sha, zan yi ruwan ɗinyar da za a shekara ana zancensa. Bakina bai tsaya a gida ba, har a rafi sai da na sanar da mata.

Kwana biyu da haihuwa na tsinto ɗinya ƙwarya huɗu. Na jiƙa, na murje, na tace, na daka citta da kanumfari da ɗan masoro na zuba. Sannan na je na tsuguna gaban mahaifina na roƙi zumarsa, wadda ya ɗebo daga amyoyinsa a daji, yake lallaɓa ta kamar magani. Ya ɗauko goran gaba ɗaya ya miƙo mini, ya ce ai don wannan rana ya ajiye.

Mahaifiyata ta ce in ɗora a wuta ya tafasa, ko kuma in bari sai jajibiri in haɗa, don kwana biyar ya yi yawa. Na ce wuta tana kashe ƙamshin ɗinya, jajibiri kuma daka zai sha mini kai. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta. Na cika sababbin tuluna uku, na kifa kasko a bakin kowanne, na liƙe da laka saboda tururuwa, na jera su a lungun ɗakin girki inda ɗumi yake. Ina ta jin daɗin dabarata.

Ranar jajibiri da hantsi maƙwabciyarmu ta shigo da damin itace a kafaɗa, gudummawarta ta suna. 'Yar Gbagyi ce, Kirista, ita ta gina tulunan, kuma ita ke dafa burukutu in mijinta ya kira gayya. Tana sauke itacen a ɗakin girki sai ta tsaya cak, ta kasa kunne. Lakar tulu ɗaya ta tsage, kumfa na fitowa yana 'yar ƙara. Ta sunkuya ta shinshina, ta yafito ni da hannu.

"'Yata, wannan ya tashi," in ji ta a hankali. "Ya bar irin na gidanku, ya koma irin namu."

Na yi musu, ni da ban taɓa ganin giya a ƙwarya ba ina musu da mai dafa ta. Na fasa lakar na ɗanɗana a fatar baki. Zan faɗi gaskiya, ban taɓa haɗa abu mai daɗinsa ba. Ga zaƙi, ga ƙamshi, ga wani ɗan cizo a harshe. Ta ce cizon nan shi ne. Wanda ya sha ƙoƙo ɗaya ba zai gane ba, amma tsohon da ya sha uku sai an riƙe masa hannu. Ta ce ba wanda zai ji a bakinta, ta karkaɗe zanenta ta fita.

Na daɗe a tsaye a kan tulunan nan. Zuciyata ta kawo mini shawara iri-iri: in sirka da ruwa, in ƙara citta, in ba kowa ɗan kaɗan. Na san da na yi, da gobe sunana ya kai Dogon Dawa. Amma sai na hango liman yana kurɓa, sannan ya ɗaga hannu da wannan bakin yana yi wa jaririn da aka shekara tara ana jira addu'a. Nan take na watsar da shawarar. Na haƙa rami a bayan gida saboda kada awaki su sha, na tuntsurar da tulu uku ɗaya bayan ɗaya, ina kuka ina jin ƙamshin zuma.

Mahaifiyata ba ta ce ai na faɗa miki ba. Kallona kawai ta yi, ta ce in je in gaya wa mai zuma. Na same shi yana ba ragon suna harawa, na faɗa masa komai kaina a ƙasa. Ya ci gaba da ba ragon harawa, bai ko waiwayo ba. Wannan ya fi mini duka ciwo. Na koma na jiƙa tsamiya da citta, na sa ɗan guntun mazarƙwaila, abin da kowace yarinya za ta iya.

Ranar suna mata suka samu abin yi, kowacce ta kurɓa sai ta ce ashe ɗinyar bana tsami gare ta. Na haɗiye. Bayan an shafa fatiha, ina bayan zana ina miƙa ƙore, sai na ji liman yana tambayar ina ruwan ɗinyar da labarinsa ya kai masa har gida. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mahaifina ya ce, "Ya juya, Malam, ta zubar. Da ta yi shiru, babu wanda zai sani a cikinmu, har ni. Wannan 'yar tawa, ko idona a rufe zan sha abin da ta ba ni."

Sai liman ya miƙo ƙoƙonsa ta saman zana, ya ce a ƙara masa tsamiya.

Tun daga ranar, in babba ta ce a tafasa, ina tafasawa, in yi gardamata daga baya. Na haɗa abin sha a bukukuwan da ban san adadinsu ba, an yaba, na kuma ji daɗi, don har yanzu ina son yabo. Amma mahaifina mutum ne da ba ya yabon ɗa a gaban jama'a. Har ya koma ga Allah, sau ɗaya tak na ji ya yabe ni, kuma a kan abin da na ɓata ne.