Damin Geron Sadi

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Laraba, bakwai ga watan Rabi'ul Awwal, bayan la'asar, anka kira ni cewa taubashina Sadi ya rasu a Talata Mafara, bayan jinyar kwana tara. Da farko na ɗauka ramuwa ce, don sau biyu ina aika masa ƙaryar mutuwata.

Sadi, na gaji da amsa gaisuwa. Kowa ya zauna sai ya ciro waya ya ce, "Ga aikinsa nan." Manhajar da ka yi shekara biyu kana haɗawa, mai magana da baki, tana tuna wa manomi ranar zuba taki da ranar feshi. Ka ce don irina ka sa mata murya, mu da karatunmu ya tsaya ga allo.

Ni na fara karya maka kasuwa. Mutum ɗaya ka sayar wa, ni kuwa na tura wa 'yan majalisarmu kyauta don in ga yadda za ka yi. Kafin kasuwar Bakura ta watse ta shiga waya ta fi ɗari. Ba ka zage ni ba, cewa ka yi, "Fa'izu, ashe kai ne dillalina." Ka gwada kuɗin wata-wata, manoma sunka ce su ba albashi gare su ba. Sai Baba Dikko maƙeri na Faru ya ce maka, "Yaro, ni duk damina gyaran fartanya nake, ba na karɓar ko sisi. Da kaka ake kawo min dami." Haka ka koma: manhaja kyauta, gyara da koyarwa a kanka, da kaka kowane manomi ya ba ka dami ɗaya. Na ce a sa mata makulli, ka ce maƙeri ba ya kulle fartanya.

Yanzu gero ya nuna, mai gyara ba ya nan, ba takarda ba shaida. Matarka Hafiza da ɗiyanku biyu wannan damin ne cinsu na shekara. Jiya na ari babur na bi masu manhajar a Maradun gida-gida, ina neman damin. Wasu sunka yi dariya, sun ɗauka wani wasan ne na zo da shi. Dami huɗu na samo. Gobe zan koma, ba dai ni ne dillalin ba?

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa kabarinka ya yi sanyi. Inna mahaifiyar Sadi, Hafiza, Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Fa'izu, Talata Mafara