Sista Almakashi da Ƙafar Maigidana

Ƙarfe bakwai na safe take buɗe ɗakin wankin gyambo, can ƙarshen barandar asibiti, bayan inda ake jibge karyayyun gadaje. Saboda wari aka kai ɗakin can, kowa ya sani. Za ta buɗe tagogi, ta dafa kayan aiki, ta jera auduga da bandeji, sannan ta leƙo ta ce, "Wa ya riga zuwa?" Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, ƙarshen watan nan za ta ajiye shi. Mu masu jinya Sista Almakashi muke ce mata, don kullum da almakashi rataye a wuyanta.

Ba ta da fara'a, kada in yi muku ƙarya. Amma na ga ƙafar da ɗan mai ita ya toshe hanci ya fice, ita kuwa ta ɗora ta a cinya tana tambayar tsohon ko ya karya kumallo. Tana da wata al'ada kuma: duk mako sai ta shimfiɗa farar leda a kan gyambo, ta zana bakinsa da alƙalami, ta rubuta kwanan wata, ta adana.

Maigidana direban babbar mota ne. Ciwon sukari ya buɗe masa gyambo a ƙafar dama, ƙafar birki, shekara biyu ya ƙi rufewa. Likita ya ce yankewa ce ta rage, sai dai in mun yarda a gwada wani sabon magani: a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugunsa, a tace ƙwayoyin asali da jiki ke gina sabon nama da su, a yi masa allurarsu a kewayen ciwon. Bai yi mana alkawari ba, ya ce wasu suna dacewa, wasu ba sa dacewa. Muka yarda. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Sista ta gargaɗe ni, "Kada ki taɓa bandejin nan. Ko jiƙewa ya yi, kawo min shi."

Ni kuwa uwar iyawa! A mako na huɗu na ga bandejin ya yi laima, maigida yana barcin rana, na kwance shi. Sai ga wata farar yana a gefen ciwon, kamar ta saman dafaffiyar madara. Na ce wannan ai ruɓa ce. Na kawo ruwan zafi da gishiri na dirje ta tas. Ƙafar ta daɗe da daina jin komai, ko motsi bai yi ba.

Ranar wanki Sista ta ɗora ledar makon jiya, ciwon ya zarce zanen ta ko'ina. Ta tura maigida gwajin jini, ta rufe ƙofa.

"Me kika sa masa?"

"Wallahi ban sa komai ba."

"To me kika cire?"

Na faɗa mata. Ta ce, "Baiwar Allah, sabuwar fata kika kankare. Ita muke jira shekara biyu."

Da likita ya gani ya ce maganin bai karɓe shi ba, a shirya tiyata ranar Litinin. Ina tsaye a wurin, na sunkuyar da kai. Sista ta jera ledoji uku a kan tebur, kowane zane ya fi wanda ya gabace shi ƙanƙanta. Ta ce, "Likita, ya karɓe shi. Wajen wanki aka samu matsala, wanki kuwa aikina ne." Ya wanke ta tas da faɗa a gaban mutane, ya rubuta mata takardar gargaɗi, amma ya yarda a sake gwadawa sau ɗaya.

Aka sake huda ƙashin. Ina daga waje ina jin nishin mijina, ina tsine wa hannuna. Ruɓa ta gaske ta riga ta shiga ta inda na dirje, yatsu biyu suka tafi. Wata takwas ciwon ya yi kafin ya rufe. Mota dai ya bar ta har abada, amma da ƙafarsa yake takawa. Cikin waɗanda muka zauna benci ɗaya da su, biyu an yanke musu, ɗaya mun je ta'aziyyarsa.

Sista, ke ce kika ɗauki laifin da ba naki ba, don kin san in likita ya ji ba a bin umarni a gidanmu, ba zai sake gwadawa ba. Gatan ƙafar da kowa ya guda! Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma sababbin ma'aikata da ke gudun ɗakin nan na ƙarshen baranda, ku je ku koya kafin wata ya ƙare, don allura ba ta wanke ciwo.

Shekara shida ke nan maigidana, in an ambace ki, sai ya yi tsaki ya ce, "Matar da ta ci min yatsu." Sau biyu ya faɗa a kunnenki, ba ki tanka ba. Ni ma ban tanka ba, kuma kunyar wannan ta fi ƙarfina. Yana zaune a tsakar gida yanzu, ya miƙe ƙafa. Shi zan fara karanta wa takardar nan.