Lemar Kaka Fanna

Duk wanda ya taso a lungunmu na Madabo ya san ba don rana ko ruwa Kaka Fanna take yawo da lema ba. Ni dai har ta bar duniya ban taɓa ganin lemar nan a buɗe ba. Baƙa ce, mai lanƙwasasshen mariƙi, kuma mariƙin nan shi ne abin aikin. Kana zaune a zaure ka dunƙule kana latse-latsen waya, sai ka ji an maƙalo wuyanka ta baya kamar an kamo ɗan akuya.

"Tashi! Wa ya rasu?"

"Babu kowa, Kaka."

"To zaman makokin wa kake yi?"

Yaya Bukar, na san kana karanta wannan, kada ma ka fara musu. Kai ka fi kowa shan lemar nan, har wuyan rigarka ya saba.

Ga waɗanda ba su riske ta ba, Kaka Fanna ita ta haifi babanmu. Iyayenta daga Borno suka zo, amma ita a Madabo aka yanke mata cibiya, kuma a nan ta tsufa tana haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa a gida. Barbarci ba ya fitowa daga bakinta sai ranta ya ɓaci, shi ya sa mu jikokinta duk abin da muka iya a yaren kakanninmu zagi ne. Ba ta tsani komai ba kamar ta ga yaro ɗan sha uku, sha huɗu, a zaune yana hamma. Takan ce, "Zama yana nan yana jiranku, ba inda za shi. Ni nan gwiwata ta daɗe tana kirana, ban amsa ba tukuna."

Ni kuwa a shekarar da na cika sha uku, zama shi ne sana'ata. Ina da in'ina tun ina ƙarama. Wata rana a aji malami ya ce in tashi in yi karatu, na maƙale a kan kalma ɗaya, na ja, na ja, ta ƙi fitowa. Aji ya kwashe da dariya, wata yarinya ta kama kwaikwayona har a hanyar gida. Na dawo na ce ni da makaranta har abada. Na daina magana sai da ka, na shige ɗakin Umma na rungumi wayarta. Baba ya yi nasiha, Umma ta yi lallashi har ta gaji ta koma faɗa. Kaka kuwa ta ci gaba da haɗa turarenta, da ina da wayo da na gane akwai abin da take dafawa.

Wata safiya sai ga lema a ƙafata.

"Zulai, kayan haɗina sun ƙare. Maza je ki Kurmi wurin Alhaji Sabo mai kayan ƙamshi, ki ce in ji ni ya ba ki busasshen gumin kada."

Na nuna mata Bukar da baki.

"Bukar hancinsa ya mutu, jabu za a ba shi. Ke nake so."

Kada ku yi min dariya. Matar da take zuba farce da saiwoyi iri-iri a turare, don ta ce gumin kada ai ba abin mamaki ba ne. Na saka hijabi na tafi, ina maimaita saƙon a zuciyata.

Alhaji Sabo ya saurare ni har na gama jan "gu-gu-gumin" nan, bai katse ni ba. Ya shafa gemu ya ce, "Kash! Yanzun nan na sayar da na ƙarshe. Shiga layin dukawa ki tambayi Malam Ado." Malam Ado ya ajiye fatar da yake yanka, ya tambaye ni 'yar gidan wa ce, ajina nawa, me nake son zama. Sai da na amsa duka, har ya ba ni wuƙar ya nuna min yadda ake fitar da fure a jikin fata, sannan ya ce ai gumin kada sai masu ɗinkin hula. Masu hula suka ba ni dabino suka tura ni wurin 'yan koli. 'Yan koli suka yi ta gardama a kaina, wani ya ce na kadan Kogin Kwara ya fi, wani ya ce a'a, na tafkin Chadi. Jama'a, na zaga Kurmi har ƙafata ta yi fari! A ƙarshe wata tsohuwa mai daddawa ta dube ni ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"'Yar nan, kadan da yake kwana cikin ruwa, ina ya ga gumi? Fanna ce ta aiko ki, ko? Haka ta yi wa ubanki. Shi ƙahon zomo ya zo nema."

Ban san yadda na iso gida ba. Tun daga zaure na fara: an mayar da ni mahaukaciya, an sa duk kasuwa tana kallona, wallahi ba zan ƙara zuwa aiken kowa ba, kuma sai na gaya wa Baba! Na yi ta zubawa ba tsayawa. Kaka tana zaune gaban kasko tana fifita garwashi, ta ɗaga murya ta kira Umma.

"Hadiza! Fito ki ji, rediyon ya kama tasha!"

Da na huce ta ce, "Duk mutanen nan da kika yi wa magana, wa ya cinye ki?" Na ce babu. Ta ce, "To gobe akwai makaranta." In'inar ba ta tafi ba, har yau tana nan, mun saba. Amma washegari na ɗauki jakata.

Sai kuma maganar keke. Bukar yana da wani tsohon keke, ni kuma kullum ina leƙensa ta ƙofa ina haɗiyar yawu. Kaka ta lura.

"Kina so?"

"Ina so, amma mutane za su yi surutu. Za a ce budurwa guda a kan keke."

"To sai me?"

Wannan "to sai me" ɗin, ku da kuka san ta kun san ba a ba ta amsa. Ta shiga ɗaki, ta fito sanye da wandon Baba a ƙarƙashin lafayarta. Ta miƙa min lema ta ce in riƙe mata. Ta ce Bukar ya fito da keke.

Ya ce, "Kaka, kin taɓa hawa?"

"Kai da aka haife ka a kai?"

Ya riƙe mata sirdi, ta hau da bisimilla, suka fara tafiya a hankali. Lungunmu kuwa kun san yana da gangara. Ba su yi nisa ba muka ji tana cewa, "Sake ni! Sake ni, ɗan nema!" Shi kuma da biyayya, ya saki.

Wayyo Allah! Lafaya ta buɗe tana kaɗawa kamar tuta, kaji suna tashi sama, mai tallan awara ta manne da bango, Kaka tana ta ihu, "Ku kauce! Ku kauce, ban san ku ba!" Ba ta tsaya ko'ina ba sai cikin tarin harawar Malam Inuwa mai kiwon raguna. Muka ruga. Muka same ta kwance a kan harawa, ƙafa ɗaya a sama, wani rago yana shinshinar ɗankwalinta, ita kuwa dariya take har da hawaye.

Bukar yana haki ya ce, "Kaka, me ya sa ba ki ja birki ba?"

"Ka gaya min akwai shi?"

Baba ya fito daga masallaci ya tarar da taro. Malami ne, mai kunya, ya rasa inda zai sa fuskarsa. "Haba Iya! Yanzu me mutane za su ce?"

"Za su ce Fanna ta hau keke. Ƙarya suka yi?"

Aka ɗaga ta tana ɗingishi. Ta karɓi lemarta, ta nuna min keken da ita. "Na cinye surutun unguwar nan kaf, ban rage miki ko loma ba. Hau." Kuma haka aka yi. Har damina ta wuce ana labarin Kaka da ragon Malam Inuwa, ba wanda ya ko kalle ni ina wucewa a kan keke.

A ƙarshen shekarar, ni da na ce na bar makaranta, sai ga ni an saka a muhawara, da Turanci kuma. Na roƙi Umma kada a gaya wa Kaka. Ina! Ina hawa dandamali na hango lema a layin gaba. Kaka ba ta jin Turanci ko na sannu, amma ina buɗe baki ta rangaɗa guɗa. Na maƙale a wata kalma, ta sake rangaɗawa, ta ɗauka wani salo ne na gwaninta. Abin da ya fi ba ni haushi, da abokiyar karawata ta tashi, wadda ba kowa ba ce illa yarinyar nan mai kwaikwayona, sai na ji guɗa ta fi tawa ƙarfi! Shugabar makaranta ta sunkuyo ta ce, "Hajiya, ai wannan ba taku ba ce."

"Kakarta ta zo?"

"A'a."

"To ni ce."

Aka kayar da ni warwas. Kaka ta dawo gida ta dafa burabusko ta raba wa maƙwabta, tana cewa jikarta ta yi wa Turawa magana sun yi shiru.

Amma aiken da ya fi kowanne zama a raina shi ne na gidan Hajiya Dije. Hajiya Dije maƙwabciyarmu ce ta baya, sa'ar Kaka, kuma abokiyar gabarta tun suna amare. Wasu sun ce a kan turmin aro ne da ya tsage, wasu sun ce kaza ce. Su kansu na tabbata sun manta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna nesa, ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ta daɗe ba ta leƙa ko zaure ba. Kullum bayan la'asar Kaka za ta dama kunun gyaɗa ta ba ni, da saƙo a kai.

"Ki ce mata in ji ni, har yanzu tana nan? Mutane suna jiran fili."

In kai, in faɗa ina sunkuyar da kai. Hajiya Dije ta miƙe zaune, ido ya kawo wuta. "Ki ce wa wannan Babarbariyar kununta salam yake, kamar halinta!" Sannan ta shanye tas. Kuma Kaka ta kafa min doka kada in dawo ba kwanon, wai Dije ba abin yarda ba ce da kwanon mutane. To kafin ta gama sha, da yake a hankali take yi, sai in share ɗakin, in yanke mata farce, wani lokaci in tsefe mata kai. A nan na ji labarin yadda Ƙofar Ruwa take suna yara, da waƙoƙin gaɗar da ba wanda ya iya yanzu.

Rannan dai na ga abin ya yi yawa, mutum yana kwance ana aika masa baƙar magana. Na ce bari in gyara. Na ajiye kunu na ce, "Kaka tana gaishe ki, ta ce Allah ya ƙara sauƙi."

Hajiya Dije ta ajiye ludayi.

"Fanna ce ta ce haka?"

"E."

"Da bakinta?"

"E, Hajiya."

"Innalillahi! Me likita ya ce yana damunta?"

Kafin in yi wani bayani ta jawo sanda. Matar da sai an ɗaga ta, wallahi ta miƙe! Tana dafa bango, ina riƙe da hannunta, tana salati tana hawaye, har tsakar gidanmu. Muka tarar da Kaka tsaye tana daka itacen sandal na turare a turmi, tana 'yar waƙarta.

"Munafuka! Ashe lafiyarki ƙalau!"

Kaka ta dube ta, ta dube ni, ta gane komai. Ta jingine taɓarya. "Au! Ashe ƙafar tana tafiya? Ashe duk kunun nan da ha'inci kike sha min?"

Suka zauna a tabarma ɗaya suna zage-zage har aka kira magariba. Bayan an raka ta, na zaci lema zan sha. Sai Kaka ta ce da ni a hankali, "Kowa ya shiga sannu yake mata. Sannu kwantar da mutum take yi. Ni kaɗai nake ba ta abin da za ta tashi ta rama. Gobe ki kai saƙo yadda na ba ki."

Ina jami'a Kaka ta kwanta, ciwon da bai ja lokaci ba. Na zo na same ta ta rame, murya ta yi ƙasa, amma ido yana nan da tsiyarsa. Ta yafito ni, ta raɗa min wata magana a kunne, ta ce in riƙe sai an tambaye ni. Ta cika da hantsi, da kalmar shahada a bakinta.

Ranar sadakar uku aka kawo Hajiya Dije, an rirriƙe ta. Ta zauna cikin mata, ta ƙura wa ƙofar ɗakin Kaka ido. Can ta waiwayo ta neme ni.

"Zulai. Ba ta bar min saƙo ba?"

Na durƙusa a gabanta. Na faɗa yadda aka ba ni, ban gyara ko harafi ba.

"Ta ce kada ki yi gaggawar biyo ta. Tana so ta ɗan huta da bakinki."

Sai Hajiya Dije ta ƙyalƙyale da dariya, "Mara kunya! Mara kunyar banza!" Tana dariyar ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna girgiza, muka bi ta gaba ɗaya, ba mai iya cewa wannan kuka yake ko dariya.

Allah ya jiƙan Kaka Fanna. Allah ya yafe mata kurakuranta, ya yalwata mata makwanci, ya sanyaya shi, ya cika shi da ƙamshin da ya fi duk wanda ta taɓa haɗawa. Yadda ta ƙi barin kowa shi kaɗai a duniya, ya Allah, kada ka bar ta ita kaɗai. Amin.