Layin Allin Baba Mai Kunne

Kullum da safe, kafin ya taɓa sifana, Baba Mai Kunne sai ya share ƙofar garejinsa, ya jera kayan aiki a kan tsohon buhu, ya saka guntun alli a aljihun rigarsa. Shekara arba'in ke nan yana haka. In aka kawo masa mota ba ya buɗe komai tukuna. Shiga yake ya zauna kusa da mai ita, ya cire hula, ya ce a ja su tafi, kuma kar a yi masa surutu. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don ya ce kunnen ya fara yi masa gardama. Ni kuwa ba zan bari ya tafi shiru ba, saboda da ba don shi ba, ban san ko da 'yar autata tana raye yau ba.

Maigidana yana da wata tsohuwar jar mota mai kujera biyu da ya gada wurin mahaifinsa, irin mai gudun nan da cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Yana ji da ita fiye da yadda yake ji da gwiwarsa mai ciwo. Wata rana ta fara wata ƙara daga baya, ƙwas-ƙwas, musamman in ya ɗaga ƙafa daga totur. Bakanike na farko ya ce salansar hayaƙi ce ta yi sako-sako, ya ɗaure. Na biyu ya canza roba. Ƙarar tana nan, maigida kuwa ya ce tsufa ne kawai, ya ƙara sautin rediyo. Ga shi ranar Asabar zai kai Auta jami'a a cikinta, tafiyar awa biyar, hanya duk gangare da kwana.

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ban san komai game da mota ba, amma ban yarda da ƙarar nan ba. Na yi ta naci har ya gaji, ranar Alhamis muka je wurin Baba.

Sun zagaya unguwa sau biyu ina tsaye ina jira. Da suka dawo, Baba ya sauko fuskarsa ba walwala, ya tsuguna a tayar baya. Tayoyin motar nan ba noti huɗu ko biyar ke riƙe su ba, babban noti ɗaya ne a tsakiya, wanda ake bugawa da guduma. Ya ɗaure shi tam, ya ja layin alli daga kan notin zuwa jikin tayar, ya ce maigida ya sake zagayawa a hankali, kar ya wuce giya ta biyu. Da motar ta dawo, layin ya rabu biyu. Notin yana kwance kansa.

Baba ya tambaya wa ya taɓa ƙafafun baya. Maigida ya sosa ƙeya ya ce shi ne, ya cire su ya gyara birki da kansa. Nan Baba ya yi mana bayani: ƙarfen da tayar dama ke zama a kai daban, na hagu daban, an yi su ne yadda gudun mota zai riƙa ƙara ɗaure notin. Maigida ya musanya su, don haka duk juyin taya sassauta su yake.

"Alhaji," in ji Baba, "da ka hau babban titi, ba za ka yi awa ɗaya ba tayar nan za ta wuce ka a guje."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya. Auta kawai nake gani a kujerar nan, da jakarta a cinya. Maigidana, da ba a raba shi da musu, ya miƙa wuya nan take. Baba bai yi masa dariya ba. Ya karɓi makulli ya sa a aljihu, ya ce motar ba za ta fita ba sai ya mayar da kowane ƙarfe gefensa, ya kuma gwada ta da kansa.

Baba, kai ne ka ƙi yarda da "tsufa ne kawai". Kai ne mai sauraron abin da kowa ya toshe wa kunne. Direbobin unguwar nan kowa yana da labarinsa a kanka, nawa ne dai har yau yake sa ni zufa in na tuna. Abin da ke ba ni tsoro yanzu shi ne ranar da wata uwar za ta ji irin wannan ƙara, ta zo ta tarar da garejinka a rufe.

Na gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu cikin lafiya. Ku kuma masu gyara da ke tasowa, don Allah kar ku sallami mota alhali ba ku gano inda ƙararta take ba. Masu shiga cikinta 'ya'yan mutane ne. Tawa ta isa makaranta lafiya ranar Asabar, ta kira ni tana ƙorafin wai babanta ya cika tafiya a hankali.