Na-Allah Ba Ya Tambayar Hanya

Duk wanda ya taɓa hawan kabu-kabu a bakin babbar kasuwar Malanbil ya san Na-Allah, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne, furfura ta cinye masa gemu, motonsa kuwa in ya tashi sai ka ce injin niƙa. Shekara ashirin da shida ke nan yana ɗaukar mutane da buhunan albasa tsakanin gari da ƙauyukan bakin gulbi. Abin taƙamarsa ɗaya ne: bai taɓa tsayawa ya tambayi wani hanya ba. Ka ce masa gidan wane a ƙauyen Tumbutu, zai gaya maka har kukar da ke ƙofar gidan da karen da zai yi maka haushi.

Taurin kai fa? Kai, a bar zancen! Ranar da Khamis, ɗan ƙanwarsa mai gyaran salula, ya ɗaure masa maƙalin waya a hannun moto, sai da ƴan tasha sunka sha dariya.

"Kawu, duba," in ji Khamis. "Wannan shuɗin ɗigo kai ne. In wani ya turo maka inda yake, jan ɗigo zai hito, sai ka bi layi. Matambayi ba ya ɓata."

"Wanda ya sani mi zai yi da tambaya?" in ji Na-Allah. "Tun ba a haifi uwar wannan gilashi ba nike bin hanyoyin nan."

Ya dai bar maƙalin a wurin, don yana amsa kiran fasinja ba sai ya laluba aljihu ba. Taswirar kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba.

Yana da ɗiya, Bara'atu, ɗiyar fari. Kamar yadda ya tarar iyayensa na yi, bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". Amma kowa ya san nan ransa yake. Bara da damina ta auri Salifu, masunci, mutumin kirki, kuma Na-Allah da kansa ya yi sawu uku yana kai kayanta tungarsu ta masunta da ke bayan Madekali, a gindin wasu giginyu uku.

Wata Talata da bazara, ana gama azahar, wayar ta yi ƙara. Salifu ne.

"Baba, naƙuda ce tun jiya, abin ya ƙi. Yanzu jini ne ke zuba. Ka zo da mai taimako don Allah. Na turo maka wurin da muke a waya, don mun..."

Sai layi ya yanke. Na-Allah ya kira har sau uku, shiru. Jan ɗigo dai ya hito a kan gilashin.

Na-Allah ya buga moto. Ya zabura gidan Nafissa, ungozomar unguwarsu wadda ta yi shekaru tana aiki a gidan likita. Ta suri jakarta, ta haye bayansa ko mayafi ba ta gyara ba. Rana na dukan ƙeya, moto na kuka, Na-Allah na karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Nafissa ta danna taswirar, tana leƙen ta ta saman kafaɗarsa.

Bayan Madekali hanya ta rabu biyu. Ya karkata dama.

"Baba Na-Allah, tsaya! Layin hagu ya yi."

Ya kalli taswirar a karo na farko. Jan ɗigon na zaune a tsakiyar gulbi, cikin shuɗin ruwa.

"Kin gani ko? Cikin ruwa! Kifi ne surukin nawa? Ni na kai kayan yarinyar nan da hannuna, na san ƙofar ɗakinta."

"Shi da kanshi ya turo fa."

"Gilashi ba ya koya mini hanya yau. Riƙe da kyau."

Ya murɗa wuta. Minti ashirin suna cin rairayi, har giginyun nan uku sunka bayyana. Zuciyarsa ta ɗan kwanta. Amma da sunka matso, babu hayaƙi, babu kukan akuya, babu taru ko ɗaya a shanye. Sai duwatsun murhu da tsohuwar toka, da ramukan da anka cire dirkokin bukkoki. Gulbin ma ya ja da baya, ya bar busasshen taɓo duk ya tsattsage.

Inna lillahi! Abin da ko yaron goye ya sani a kwarin nan: masunta ruwa suke bi. In gulbi ya janye da bazara, sai su tuge tunga su koma kan gungu, tsibirin nan da ke hitowa tsakiyar ruwa, inda kifi ya taru. Ya sani sarai. Sau nawa ya kwashe wa masunta kaya a irin wannan ƙaura? Abin da Salifu ya so gaya masa ke nan layi ya yanke.

Na-Allah ya diro daga moto, ya shiga zagaye kangon kamar wanda ya zare. Sai ya buɗe baki ya ƙwala kira, sunan da shekara ashirin da biyu bai taɓa hita daga bakinsa ba.

"Bara'atu! Bara'atu!"

Babu mai amsawa sai iska cikin giginya.

"Hau mu tahi," in ji Nafissa.

Wayar ta yi zafi da rana, gilashin ya soma dushewa. Ya cire hularsa ya kifa a saman maƙalin don ta samu inuwa, ya ce wa Nafissa da ƙaramar murya, "Ɗiyata, ki karanta mini. Inda ya ce, nan za ni."

Sunka koma mararraba, sunka bi hagu. Inda ya san ruwa ne, yanzu rairayi ne fari fat, ga sawun amalanken shanu ya miƙe. Tayar baya na nutsewa, yana tokarawa da ƙafa. Sau biyu sunka faɗi. Nafissa na cewa "dama kaɗan, miƙe, miƙe," shi kuwa yana bi kamar makaho da ɗan jagora. A bakin wani siririn ruwa sunka tarar da Salifu tsaye cikin kwalekwale, idanunsa jawur.

Ya tsallaka da su gungun. Nafissa ta shige bukka. Na-Allah ya durƙusa a waje, kansa ba hula, yana jin nishin ɗiyarsa yana raguwa. Tsoro irin na ranar bai taɓa jin sa ba. La'asar ta wuce bai ko tuna ba.

Can Nafissa ta hito tana goge hannu.

"Jinin ya tsaya, uwa ta tsira. Yaron kuwa, namiji ne, bai zo da rai ba."

Ya ɗaga kai yana neman idonta, yana so ya tambaya: da mun bi hagu tun farko fa? Ta kau da fuska. Har yau bai tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Anka ce ya shiga. Bara'atu na kwance kan tabarma, leɓunanta sun bushe. Da ta gan shi sai ta yi ɗan murmushi.

"Baba, Salifu ya yi ta kuka wai layi ya yanke bai gaya maka mun tashi ba. Na ce ya kwantar da hankalinshi, Babana bai taɓa ɓata hanya ba."

Na-Allah ya juya baya, hawaye na bin gemunsa.

Yana nan bakin kasuwa har gobe, da moton nan mai ƙarar injin niƙa, da maƙalin da yanzu ya ƙara wa robar taya don kada ya motsa. Ƴan tasha sun lura da wani abu, sun kuma daina tsokanarsa a kai. Ko Gaya za shi, hanyar da ya bi sau dubu, in ya iso mararraba sai ya sauke ƙafa, ya dubi wayar, in kuma da mutum a kusa ya yi sallama ya ce, "Bawan Allah, nan ce hanya?"