Ranar Da Na Tarar Da Ƙofar Inna A Kulle

Ko zan manta komai na zamana a Dubai, ba zan manta da wata Laraba da na tsaya ina dukan ƙofar mai rainon 'yata babu mai amsawa ba. Yarinyar yanzu ta girma har tana gyara mini Larabci, amma ranar nan tana nan a raina kamar jiya.

Lokacin ina aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kaya a Al Khabaisi, maigidana kuma yana koyarwa a Sharjah. Kamfaninmu yana biya wa 'ya'yan ma'aikata kuɗin makarantar ƙananan yara, amma na safe kawai, kafin azahar an tashe su. Mai son ɗansa ya kai yamma sai ya zura hannu a aljihu, mu kuwa kuɗin haya ya riga ya huda namu. Sai muka yi haɗin gambiza: safe makaranta, rana wurin Inna. Inna wata dattijuwa ce 'yar Damagaram da ke zaune a Al Satwa, a wani ɗaki saman shagon teloli. Ita ke zuwa ta ɗauko yarinyar, ta ba ta abinci, ta goya ta har ta yi barci, ni kuma in biyo bayan la'asar in ɗauke ta. Har bugun ƙirji nake yi a gaban ƙawaye wai na iya tsari. Ashe tsarin nawa a kan lambar waya ɗaya tak yake tsaye.

Ran nan na hau bene ina fara'ata, sai na tarar da ƙofa a kulle. Na buga, shiru. Na kira wayar Inna, a kashe. Na ce ko kanti suka leƙa, na jingina da bango ina jira, ina kira ina sake kira. Da abin ya ƙi ƙarewa na buga wa makaranta. Malamar ta ce ai tun da aka tashi Inna ta zo ta ɗauke ta kamar kullum. 

Na sauko na tambayi wani tela ɗan Pakistan da ke bakin ƙofa. Da guntun Turancinsa da nuni da hannu ya fahimtar da ni cewa ya ga ta fita tun da rana, goye da yarinya, tana sauri tana kuka. Kuka! Ni ban taɓa ganin hawayen Inna ba. Me zai sa babbar mace ta fita a guje da 'yar mutane tana kuka, in ba wani abu ya sami yarinyar ba?

Na kira maigida. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, 'yan sanda zan kira. Ƙasar nan ko'ina akwai kyamara, yanzu za su gano su."

Na ce, "Abbanta, dakata. Ka san Inna ba ta da izinin raino. In suka shigo maganar, ko an ga yarinya lafiya, zamanta a ƙasar nan ya ƙare."

Ya ce, "To 'yarki kike so ko zaman Inna?"

Wallahi tambayar nan ta soke ni. Na roƙe shi ya ba ni zuwa magariba, ni kaina ban san ko hankali nake yi ko wauta ba. Na shiga kiran duk wata Bahaushiya da ke wayata, har Allah ya sa wata ta ce tana jin Inna na da ƙane mai shagon kayan yaji a Al Ras. Na tari tasi. Duk inda danja ta tsayar da mu sai in ji kamar in fita in ruga da ƙafa. Addu'ar da na sani da wadda ban sani ba duk na karanta.

A Al Ras na riƙa kutsawa lungu-lungu tsakanin buhunan citta da masu tura kaya, har na ji wasu mutum biyu suna Hausar Nijar. Na ce ina neman shagon wani ɗan Damagaram, yayarsa na raino a Satwa. Ɗayan ya dube ni da tausayi ya ce, "Ayya, Hajiya, gidan rasuwar kike nema? Ga benen can."

Ban san yadda na hau benen nan ba. Takalma ne jibge a bakin ƙofa, ciki mata sun cika ɗaki makil. Can a lungu na hango Inna zaune a kan tabarma, idanunta sun kumbura, 'yata kuma kwance a cinyarta tana sharar barci, hannunta damƙe da guntun dabino. Na durƙusa na taɓa ƙirjinta, na ji yana hawa yana sauka. Sai tsoro ya juye ya zama fushi, na buɗe baki zan yi faɗa.

Inna ta riga ni. Ta ce, "Pardon, yi haƙuri, ɗiyata. Tsohuwata ce ta rasu da safe a Damagaram. Cajin salulata ya ƙare wajen kiran gida, ban lura ba."

Na ce, "Innalillahi. Da safe, Inna? Kuma kika je makaranta?"

Ta ce, "To wa zai ɗauko ta? Lakwal, makarantar nan, ba su jira. Kuma ba ni barin ta hannun wanda ba ta sani ba."

A wurinta babu wani abin neman izini a ciki, don a gida duk inda mai goyo ta nufa, da goyonta take tafiya. An binne mahaifiyarta ita tana wata ƙasa, ko gawar ba ta gani ba, amma sai da ta tsaya a ƙofar makaranta a kan lokaci saboda 'yata. Na fasa faɗan da na zo da shi. Na kira maigida na ce kada ya kira kowa, ya taho gaisuwa. Na zauna kusa da ita muka yi kukan tare, nawa rabi na tausayi ne, rabi na tunanin abin da ya kusa faruwa da ita ta dalilinmu.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mai raino ba mai cike awoyin da suka rage bayan makaranta kawai ba ce, mutum ce mai uwa da dangi da ranar kuka. In za ka ba mutum amanar ɗanka, kada ka tsaya a lambar wayarsa. Ka san mutanensa, ka san ƙofar da zai nufa ranar da duniya ta yi masa zafi, domin da ɗanka a bayansa zai tafi.